Kiwon Ƙwaro Ba Hauka Ba Ne, Ba Kuma Tsafi Ba Ne

Yau ba maganar kasuwa na zo da ita ba, ba kuma ta siyasa ba. Wata magana ce da na daɗe ina juya ta a raina ina jin nauyin fito da ita, don na san da yawa za su fara dariya tun kafin su gama karanta layi uku. To a yi dariyar, ba laifi, amma in an gama don Allah a tsaya a saurare ni. Ni dai ina kiwon ƙwari. E, ƙwarin nan dai da kuka sani, masu ƙafa shida. Yau shekara huɗu ke nan ina yi, a gidanmu da ke unguwar Sabo a nan Shagamu, cikin tsofaffin bokitan fenti guda biyar da wasu 'yan kwalabe.

Abin da ya sa na ce sai na yi magana shi ne abin da ya sami ƙanena a makon jiya. Yaro ne ɗan shekara tara. Ya kama wani ƙwaro mai ruwan ɗorawa da baƙi a kan ruɓaɓɓen mangwaro, ya sa shi a kwalin ashana, ya hudduda kwalin da allura don ya sha iska, ya taho da murnarsa zai kawo mini. Sai wani dattijo a layinmu ya tare shi, ya ce mene ne a hannunka? Yana buɗewa ya gani sai ya kwaɗa masa mari, ya zazzage ƙwaron a ƙasa ya murje da takalmi, ya ce, “Wato kai ma sawun wan naka za ka bi ka lalace ko?” Yaron ya shigo gida yana kuka, kuma da na lura ba marin ne ya fi yi masa ciwo ba, ƙwaron ne. Ban je na sami dattijon ba, don sa'an mahaifina ne, kuma na san a zuciyarsa gyara yake nufi. Amma na kwana ina tambayar kaina, wai me yaron nan ya yi? Kuɗin wani ya ɗauka? Salla ya bari? Wata halitta ya gani ta ba shi sha'awa, ya so ya ƙare mata kallo, shi ke nan fa laifinsa.

Abin mamakin shi ne dukkanmu mun yi wasan ƙwari, har shi dattijon na tabbata. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa, ko aka riƙa kai shi gida hutu kamar yadda aka riƙa kai mu ƙauyen kakanninmu, ya san tsokanar kurkudu da tsinke a cikin ɗan raminsa na rairayi, ya san haƙar gyare, ya san tara maƙesu a kwalba da daddare, ya san tsayawa kallon buzuzu yana mirgina kashi da ƙafafunsa na baya. Mun ɗaura wa ƙwaro zare a ƙafa mun sake shi yana kewaya kanmu yana ƙugi kamar jirgi. Sai dai in za a faɗi gaskiya wasan namu akwai mugunta a ciki, don in ƙafar ta cire jefar da shi muke yi mu kamo wani. Abin da nake yi yanzu wancan wasan ne dai, na cire muguntar na sa haƙuri a madadinta.

Da gwazarma na fara. Mai karatu ya san gwazarma, farar ƙatuwar tsutsar nan da ake tonowa a juji ko a cikin taki, wadda babu Bahaushen da zai gan ta bai yamutsa fuska ba. A makaranta an gaya mana cewa ita ce ke rikiɗa ta zama ƙwaro, mun rubuta a jarrabawa an ba mu maki, amma wallahi a raina ban yarda ba. Ina haɗin wannan laɓuɓun abu da ƙwaro mai ɓawo kamar ƙarfe? Wata rana na bi ta bayan wani wurin yankan katako, inda garin katako ya shekara yana ruɓewa, na tarar yara sun tono su kaji na ta wawa. Na tsinci guda shida na zuba a gwangwani tare da ƙasar wurin. A gida na lura huɗu daga ciki in na ajiye su a ƙasa, a bayansu suke tafiya, ƙafafu a sama, kamar wanda ke iyo a rigingine. Biyu kuma manya ne, a naɗe suke kwanciya ta gefe. Daga baya na gane ashe iri biyu ne. Masu tafiya a rigingine 'ya'yan ƙwaron nan ne mai ruwan ɗorawa, wanda mu a gida muke ce wa ƙwaron mangwaro. Manyan kuwa na baƙin ƙwaro ne mai ƙaho ɗaya a goshi, wanda ke huda kan bishiyar manja da ta kwakwa.

Bayan kamar wata biyu sai ƙananan suka ɓace. Na zaci sun mutu, na juye bokitin, sai na ga wasu dunƙule-dunƙule huɗu kamar ƙwan kurciya, na ƙasa, masu tauri. Ashe kowace ta gina wa kanta ɗaki ne da ƙasa da kashinta ta shige ta rufe. Da rashin sani na fasa ɗaya, na ga abin da ke ciki ba tsutsa ba ne ba kuma ƙwaro ba, wani abu ne a tsakani, ga ƙafafu nan da fukafukai a naɗe kamar an sassaƙa su da kakin zuma. Wannan ya mutu, kuma ni na kashe shi. Sauran ukun na mayar na rufe na hana kaina taɓawa. Bayan wajen wata guda, wata safiya bayan na dawo daga masallaci, na buɗe murfi na tarar da ɗaya zaune a kan ganye, launinsa fes kamar yanzu aka shafa masa fenti. Jama'a, ni dai ban san yadda zan kwatanta muku ba. Na yi shekaru ina jin malamai suna wa'azi a kan ikon Allah, amma ranar na daɗe a tsugune bakina bai daina tasbihi ba. Gani ya kori ji.

Kiwon ba wuya, ba kuma tsada. Ruɓaɓɓen ganye da ruɓaɓɓen itace ake haɗawa da ƙasa, a jiƙa daidai yadda in ka damƙa zai dunƙule amma ruwa ba zai ɗiga ba. Sabon garin katako ba ya yi, sai wanda ya daɗe ya yi baƙi. A huda murfin bokiti, a ajiye a inuwa. Manyan ƙwarin kuma ayaba suke so, ko abarba, ko mangwaron da ya nuna lugub. Babban abokin gaba shi ne tururuwa da 'yan uwanta. A daminar shekara ta biyu kwarkwasa ta shigo mini cikin dare ta share bokiti biyu tas, ban sami ko ɗaya da rai ba. Tun daga nan a kan benci nake ɗora su, ƙafafun bencin kuma a cikin gwangwanaye masu ruwa. Wanda ya zauna yana kallo zai ga abubuwan da ba a faɗa a aji ba. Alal misali, ƙwaro mai ƙaho sai ya ɗaga ɓawon bayansa kafin ya tashi, amma ƙwaron mangwaro ba ya ɗagawa, ta gefe fukafukansa ke zamewa su fito, shi ya sa kafin ka ƙifta ido ya tashi kamar ƙuda.

Zargi na farko da na sha shi ne na tsafi. Wata Bayarabiya maƙwabciyarmu, mai sayar da kayan miya, ta leƙo ta katanga ta gan ni da asuba a tsugune kan bokiti ina zuba ayaba, kafin azahar magana ta zaga cewa ɗan Alhaji yana kiwon wani abu yana ba shi abinci. Mutanenmu ma ba su bar ni ba, har akwai wanda ya ja ni gefe ya tambaye ni a asirce ko na kasuwa ne ko na farin jini. Wannan ban ɗauke shi wasa ba, domin mu da ke zaune a Kurmi mun san yadda ƙaramar jita-jita ke zama babbar wuta. Garin nan ya ga tashin hankali tsakanin Hausawa da Yarabawa a 1999, manyanmu har yau ba sa son tuna shi. Don haka ban yi fushi ba, na ɗauki bokitin da kaina na kai mata gaban rumfarta, na ce, “Iya, ga abin da nake kiwo, duba da idonki.” Ta leƙa, ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce ai wannan manyan su a ƙauyensu soyawa ake yi a ci, ni kuma na zauna ina yi musu hidima kamar jarirai. Yanzu ita ke ajiye mini ayabar da ta lalace. Darasin da na ɗauka shi ne duk mai irin wannan sha'awa a garin da yake baƙo, kada ya ɓoye. Ɓoyon ne ke haifar da zato.

Zargi na biyu ya fi nauyi, don daga Baba ya fito. Mahaifina goro yake saye yana aikawa Arewa, sana'ar da ya gada, da ita ya ciyar da mu ya biya mana kuɗin makaranta. A wurin ɗan goro kuwa, kalmar ƙwaro ma'ana ɗaya gare ta: asara. Ranar da ya gano bokitaina bai yi faɗa ba, ya dai ce, “Kai yanzu a duk duniya ka rasa abin da za ka kawo gidan mai goro sai ƙwaro? In maganar nan ta kai kunnen masu karɓar kayana a Kano, aka ce ana kiwon tsutsa a gidana, wa zai sake buɗe huhuna da kwanciyar hankali?” Ban iya ba shi amsa ba, kuma har yau ban ce ya yi kuskure ba. Sunan ɗan kasuwa shi ne jarinsa. Na kwashe bokitan daga kusa da ɗakin ajiya na mai da su can bayan gida, inda suke har yanzu.

Amma a nan ne fa nake ganin muna cutar kanmu da ƙyamar nan. Kowane ɗan goro ya san sankara, ya san baƙin cikin ɓare goro mai kyan gani a tarar da cikinsa ya zama gari. Sai dai in ka tambayi yaran shago daga ina take zuwa, wani zai ce zafi ne, wani ya ce ganyen fita ne bai yi kyau ba, wani ya ce goron ne da kansa ke haifar da ita. Ni sai na ɗebi goro goma daga cikin waɗanda aka tsince za a zubar, na sa a kwalba mai faɗin baki, na ɗaure bakin da ƙyalle. Cikin makonni kaɗan sai ga wasu 'yan ƙananan ƙwari masu duhun launi da ɗan dogon baki mai lanƙwasa suna yawo a jikin kwalbar, kowane goro kuma da 'yar hudar da suka fito. Na ɗauki wasu na haɗa su da lafiyayyen goro a wata kwalbar. Bayan kamar wata guda na ɓare, sai ga tsutsa a ciki. Wato uwar ce ke saka ƙwai a jikin goron, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta ci cikinsa, ta rikiɗa a nan ciki, ta hudo ta fito ta je ta saka wa na kusa. Masana na cibiyar binciken koko ta ƙasa da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1964 kuma goro na cikin amfanin da take bincike a kai, sun daɗe suna bayanin cewa tun daga gona abin ke farawa, musamman a kwanson da ya faɗo ƙasa ya daɗe ba a ɗauke ba, sannan ya biyo goron har ɗakin ajiya.

To me sanin wannan ya ƙara? Ya ƙara da yawa. In ka san cewa daga ƙwai zuwa sabon ƙwaro wajen wata guda ne, ka san dalilin da ya sa iyayenmu suke buɗe kwando a kai a kai su tsince su sauya ganye, kuma ka san jinkirin sati biyu ba ƙaramin abu ba ne. Ka san goron da aka tsince bai kamata a watsar da shi a bakin ƙofar ɗakin ajiya ba, kamar yadda na sha gani, don gidan ƙwari ne ka ajiye a ƙofarka. A binne shi da zurfi ko a ƙone. Wanda bai san wannan ba kuwa abu ɗaya ya sani, magani. Mu daina ɓoye wa juna, akwai masu jiƙa goro da maganin ƙwarin da aka yi don feshin gona, akwai masu yayyafa fiya-fiya. Goro kuma ba dafa shi ake yi ba, ɗanye ake ci, tsofaffinmu ne ke ci, shi ake rabawa a ɗaurin aure da suna. Mutumin da ke ƙyamar ya dubi ƙwaro na minti biyar, shi ne kuma ba ya jin komai ya zuba guba a kan abin da ɗan uwansa zai tauna. A ganina wannan ya fi kiwon gwazarma kama da hauka.

Da na fara bincike a intanet sai na tarar ashe abin da ake yi mini dariya a kansa, a wata ƙasar babbar al'ada ce. A Japan yaro ya yi kiwon ƙwaro kamar yadda yaronmu ke kiwon tattabara ne ko zomo. Suna da wani mai dogon ƙaho da suke kira kabutomushi, sunan kuma daga hular yaƙin jarumansu na da aka samo shi, saboda kamar da suka yi. Suna da wani kuma mai manyan muƙamuƙai kamar almakashi, kuwagata. In hutun makaranta na lokacin zafi ya zo, a watannin Yuli da Agusta, uba kan ɗauki ɗansa da fitila su shiga kurmi da asuba su duba jikin itatuwan da ke zubar da ruwa, don nan ƙwarin ke taruwa. Wanda ke birni kuma ya saya a kanti, har da akwatin roba da ƙasar da aka haɗa musamman, da wani abinci mai zaƙi a 'yan ƙananan kofuna. Shi kabutomushi wata biyu zuwa uku kawai yake yi bayan ya zama ƙwaro, sai ya mutu ya bar ƙwai, yaron ya yi renon tsutsar tsawon lokacin sanyi har wata shekara. Ka ga a nan yaro ya koyi haƙuri, ya koyi ɗaukar nauyin rai, ya ga mutuwa da haihuwa da idonsa. Mutumin da ya ƙirƙiro wasan Pokémon da ya fito a 1996, Satoshi Tajiri, yaro ne mai yawon kamun ƙwari a gefen birnin Tokiyo, kuma daga wannan sha'awar ce tunanin wasan ya zo masa. Da a layinmu ya tashi, da mari ya sha.

Su ma mutanen Sin sun fi shekara dubu suna ajiye gyare a gida, wasu don daɗin kukansa, wasu don haɗa su faɗa, har wani babban waziri nasu mai suna Jia Sidao ya rubuta littafi sukutum a kan gyare a ƙarni na 13.

Kada mai karatu ya zaci komai nasu nake yabo. Inda kuɗi suka shiga sha'awa, nan take lalacewa. A 1999 jaridu sun ruwaito an sayar da ƙwaro ɗaya tak a Tokiyo, mai tsawon kimanin santimita 8, a kan yen miliyan 10, wato wajen dalar Amurka dubu 90 a lokacin. A wannan shekarar ce kuma gwamnatinsu ta sassauta dokar shigo da ƙwarin ƙasashen waje, daga baya wasan Mushiking na kamfanin Sega ya fito a 2003 ya ƙara rura wutar, kowane yaro yana son ƙwaron da ya fi na abokinsa girma. Sai aka shiga kwasar ƙwari daga dazuzzukan ƙasashen talakawa, da izini da ba izini. Akwai wani mai ƙaho na ƙasar Bolibiya da sai da aka sa shi cikin jerin halittun da ake sa ido kan cinikinsu tsakanin ƙasashe a 2010. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin ɗaya daga cikin ƙwari mafiya girma a duniya, wanda Turawa suka sa wa sunan Jaluta saboda girmansa, a kurmin Afirka yake, har da kudancin Nijeriya da Kamaru. Yakan kai santimita 11, tsutsarsa kuma ta kusa giram 100. A wasu ƙauyukan Kamaru kama shi ake yi a busar a sayar wa masu tarawa a Turai da Asiya, kuma masu bincike sun yi gargaɗin cewa wasu irinsa suna ƙarewa a Afirka ta Yamma, musamman inda aka sare kurmi aka shuka koko. Mu 'ya'yan 'yan kasuwa ne, na san halinmu: da an ji akwai kuɗi a ciki gobe za a ga dillalai. Ni ba wannan nake kira a yi ba. Wanda ya ɗauki ƙwaro haja bai fi wanda ya murje shi da takalmi ba, shi ma bai tsaya ya dube shi ba.

Masu cewa ɓata lokaci ne, ana fama da abin da za a ci wa ke ta ƙwaro, su ma ga tasu amsar, kuma ba daga nesa ba, daga nan Ibadan. A farkon shekarun 1970 wani ɗan farin ƙwaro, wanda in ya kama shuka sai ka ce gari aka barbaɗa mata, ya shigo Afirka daga Kudancin Amurka ya far wa rogo. Ya bazu ƙasa bayan ƙasa har ya iso Nijeriya, a wasu gonakin yana cinye kashi 80 cikin ɗari na amfani. Duk wanda ya zauna a Kurmi ya san in babu rogo babu gari, in babu gari kuwa yunwa ce. Wani matashin masanin ƙwari ɗan ƙasar Suwizalan, Hans Herren, da ke aiki a cibiyar binciken aikin gona ta IITA a Ibadan, ya ce feshi ba zai yi ba, a nemo abokin gabar ƙwaron a ƙasarsa ta asali. Aka samo shi a Paraguwai: wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro, da ƙyar ido ke ganinsa, wanda ke saka ƙwansa a cikin jikin mai cin rogon. Aka yi ta kiwonsa, a lura fa, kiwonsa, aka fara sakinsa a Nijeriya a 1981, daga baya har da jirgin sama aka riƙa watsa shi a ƙasashe. Rogo ya farfaɗo, Herren ya karɓi babbar lambar yabo ta duniya kan abinci a 1995. A 1981 ɗin nan dai aka kai wani ɗan ƙwaro daga Kamaru zuwa Maleshiya don ya riƙa yi wa bishiyar manja barbara, aikin da a da mutane ke bi da hannu suna yi. Duk garin da muka jiƙa muka sha a garin nan, akwai hannun masu kiwon ƙwari a ciki. To a cikinmu wa zai zama irin wannan masani, in duk yaron da ya tsuguna kallon ƙwaro mari ne rabonsa? An ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ire-iren ƙwari masu ɓawo kaɗai da masana suka sa wa suna sun kai kimanin 400,000, mu kuwa duka mun haɗa su a kalma ɗaya mun tofar.

Ta fuskar addini, ni ba malami ba ne, amma abin da kowa ya sani na sani. Akwai Suratun Nahli da sunan ƙudan zuma, akwai Suratun Namli da sunan tururuwa, akwai Suratul Ankabuti da sunan gizo-gizo, an buga misali da sauro a Baƙara, an buga da ƙuda a Hajji. Malamanmu na zaure sun san littafin Hayatul Hayawan na Damiri, malamin Masar da ya rasu a 1405, wanda ya bi halittu ɗaya bayan ɗaya bisa jerin haruffa, bai tsallake ƙwari don ƙanƙantarsu ba. Mun kuma san labarin Abu Umairu, ƙanen Anas ɗan Malik, yaron da ke da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, Manzon Allah (SAW) bai hana shi ba, da tsuntsun ya mutu ma lallashinsa ya yi. Amma fa mun san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Wannan hadisin shi ne dokar bokitaina. Duk abin da ka tsare, cinsa da shansa sun hau kanka. In ka san ba za ka iya ba, kalle shi a inda yake ka wuce.

Sharaɗi ɗaya na ƙara wa kaina, shi ne ba na sakin mai ƙahon nan in ya fito. Ɓarna yake yi wa manja da kwakwa, kuma manoman da ke kewaye da mu ba su yi mini laifin komai ba. A bokiti yake zama yana cin ayabarsa har kwanansa ya ƙare.

Baba dai har yanzu bai yarda da kiwon ba, in ya ga ni da ɓawon ayaba sai ya girgiza kai ya ce Allah Ya shirya. Amma ranar da na kai masa kwalbar nan ta goro, ya sa tabarau ya daɗe yana juya ta a hasken ƙofa, bai ce mini komai ba. Washegari na ji yana gaya wa yaran shago cewa daga yau kada wanda ya sake zubar da tsintaccen goro a bakin ƙofa, a haƙa rami. Kwalbar kuma ba a dawo mini da ita ba, tana nan kan kanta a shagonsa, wai don ya riƙa nuna wa masu kawo masa kaya daga ƙauye.

Shi kuma ƙanen nawa, na ba shi bokiti ɗaya ya zama nasa, da gwazarma uku a ciki, da sharaɗin ba zai buɗe ba sai ya dawo daga Islamiyya, kuma ba zai fita da ko ɗaya layi ba. Biyu sun riga sun shige ɗakinsu. Jiya da daddare na kama shi da tocila yana son ya tona ya gani, na ba shi labarin wanda na fasa na kashe, ya mayar da murfin. Yanzu da gawayi yake ƙirga kwanaki a jikin bango, kuma Inna ta ce in bai goge ba kafin Juma'a shi da ita ne.

Wassalam.